Kyanwa mai ci tana ramewa: Bayani kan cutar tayirod da hanyoyin magance ta

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Rogo da ke yammacin jihar Kano, mai iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, manoma kan cika rumbuna da ɗakunan ajiya da masara da dawa bayan kaka. A irin waɗannan gidaje kyanwa ma'aikaciya ce, domin ita ke gadin hatsi daga ɓarnar ɓeraye.

To sai dai idan kyanwar ta kwana biyu a duniya, akan wayi gari a ga tana ci kamar gara, amma kullum sai ƙara ramewa take yi. Galibi masu gida kan ce tsufa ne, ko kuma tsutsar ciki.

Likitocin dabbobi dai na cewa sau da yawa abin ba haka yake ba. Akwai wata cuta da ke tasowa daga wuyan kyanwa, wadda ke da magani idan an gano ta, kuma take kisa sannu a hankali idan an ƙyale ta.

Mece ce wannan cuta?

A wuyan mutum da na dabba akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. A jikin kyanwa ɓari biyu ne ƙanana, ɗaya a dama ɗaya a hagu da bututun numfashi, kuma idan tana da lafiya da wuya a ji su da hannu.

Aikin tayirod shi ne ɗaukar sinadarin aidin da ke cikin abinci, ya sarrafa shi ya samar da wani sinadari da ake kira T4. Wannan sinadari ne ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, da saurin bugun zuciya, da kuma ɗumin jiki.

Cutar na faruwa ne idan wani ƙari ya fito a jikin tayirod, ya riƙa fitar da sinadarin fiye da kima ba tare da tsayawa ba. Daga nan sai jikin kyanwar ya zama tamkar murhun da ake yi wa fifita dare da rana: ko nawa aka zuba itace, cinyewa zai yi.

A mafi yawan lokuta ƙarin ba na daji ba ne. Masana sun ƙiyasta cewa tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ne kawai ke zama ciwon daji. Haka kuma a kusan kashi 70 cikin 100 na kyanwoyin da suka kamu, ɓarin biyu ne duka ke kumbura.

Bambancinta da maƙoƙo

Bahaushe dai ya daɗe da sanin ciwon tayirod a jikin ɗan Adam, wato maƙoƙo. A Najeriya babban abin da ke kawo shi shi ne ƙarancin aidin a abinci, inda naman kan kumbura saboda faman neman abin da babu.

Wani bincike da aka yi a shekarar 1993 ya nuna cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a ƙasar na da maƙoƙo. A shekarar ce kuma aka wajabta sanya aidin a gishirin da ake ci, kuma a 2007 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka bai wa shaidar cimma wannan buri.

Lamarin kyanwa kuwa ya sha bamban. A nan ƙarin ne ke aiki ba linzami, kuma aidin shi ne makamashinsa. Ke nan gishirin da ya ceci miliyoyin mutane daga maƙoƙo ba zai warkar da kyanwa ba, hasali ma abin da ƙarin ke buƙata ke nan domin ya ci gaba da aikinsa.

Yaushe aka gano ta?

Kafin ƙarshen shekarun 1970 da wuya likitocin dabbobi su ci karo da wannan cuta. A shekarar 1979 ne Dokta Mark Peterson da abokan aikinsa a birnin New York na Amurka suka fara ba da rahotonta, sannan a 1980 wasu likitoci a birnin Boston suka biyo baya da nasu rahoton.

Daga nan aka riƙa ganinta a Turai da Ostireliya da Japan da sauran sassan duniya. A yanzu tana cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin kyanwoyi, inda ake ƙiyasin cewa ɗaya cikin kowace kyanwa 10 da suka haura shekara 10 na ɗauke da ita.

Nahiyar Afirka ma ba ta tsira ba. Wani bincike da aka gudanar a Afirka ta Kudu ya samu cutar a jikin kimanin kashi 7 cikin 100 na tsofaffin kyanwoyin da aka gwada.

Galibi dai kyanwa kan kai shekara 12 zuwa 13 kafin a gano cutar, kuma da wuya ta kama wadda ba ta kai shekara 8 ba. Tana kama mace, tana kuma kama muzuru.

Me ke haddasa ta?

Har yanzu masana na muhawara kan musabbabin cutar, amma akwai abubuwan da ake zargi.

Bincike daban-daban sun nuna cewa kyanwoyin da aka raina da abincin gwangwani, musamman mai kifi ko mai hanta, sun fi saurin kamuwa. Ana kuma zargin wani sinadari mai suna BPA da ake shafe cikin gwangwani da shi.

A shekarar 2007 kuma masu bincike a hukumar kare muhalli ta Amurka suka ja hankali ga wasu sinadarai da ake kira PBDE, waɗanda a da ake sanyawa a katifu da kujeru da kayan lantarki domin hana su saurin kama wuta. Sinadaran kan bi ƙura su sauka a gashin kyanwa, ita kuma ta lashe su yayin da take gyara jikinta.

Wasu kuma na danganta cutar da hawa da saukar yawan aidin a abincin kyanwa tsawon shekaru. Kazalika an lura cewa wasu jinsuna, kamar na Siyam, ba su cika kamuwa ba, abin da ke nuna cewa gado ma na da tasiri.

Alamomi

Babbar alama ita ce rama duk da yawan ci. Kyanwar da a da take da nauyin kilo 4 kan iya komawa kilo 3 ko ƙasa da haka cikin 'yan watanni, har ƙashin bayanta ya fito fili.

Sauran alamomin sun haɗa da:

- Yawan shan ruwa da yawan fitsari
- Amai, musamman bayan ta ci abinci da gaggawa
- Zawo ko yawan kashi
- Rashin natsuwa da kai-komo da saurin fushi
- Yawan kuka da dare
- Gashi ya hargitse ko ya dunƙule
- Neman wuri mai sanyi da haki lokacin zafi
- Ɗan ƙullutu a wuya, wanda ke zamewa a ƙarƙashin yatsa

Zuciya ma kan shiga wahala. Zuciyar lafiyayyar kyanwa kan buga tsakanin sau 140 zuwa 220 a minti ɗaya, amma ta mai cutar kan wuce 240. Mai kyanwa na iya ɗora hannu a ƙirjinta ta bayan ƙafar gaba ta hagu, ya ƙirga bugun na daƙiƙa 15, sannan ya ninka sau huɗu.

Akwai kuma wasu 'yan kaɗan, kimanin ɗaya cikin 10, da cutar kan zo musu a juye: su daina cin abinci, su yi laushi, su kwanta.

Idan aka bar cutar ba magani, naman zuciya kan yi kauri har ta gaza. Haka nan takan jawo hawan jini, wanda kan iya makantar da kyanwa farat ɗaya.

Yadda ake tabbatar da ita

Ido kaɗai ba ya tabbatar da cutar, domin ciwon suga da ciwon ƙoda da tsutsar ciki da ciwon daji na hanji duk sukan kawo rama. Likita kan shafa wuyan kyanwar, ya saurari zuciyarta, sannan ya ɗebi jini domin auna yawan T4.

A mafi yawan masu cutar, awo ɗaya ya isa. Amma idan cutar ba ta yi nisa ba, ko kuma akwai wani ciwon a tare da ita, sakamakon kan iya fitowa kamar ba komai, sai a sake awon bayan 'yan makonni.

Likitoci kan kuma auna lafiyar ƙoda. Dalili kuwa shi ne cutar tayirod kan ƙara gudun jinin da ke ratsa ƙoda, ta yadda ƙodar da ta fara lalacewa za ta yi kamar lafiyarta ƙalau. Sai an fara magani sannan asirin ciwon ƙodar ya tonu.

Ga mazauna Rogo da Ƙaraye, matakin farko shi ne tuntuɓar jami'in kula da lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, wanda zai iya tura su gaba. Akwai asibitin dabbobi na Gwale a birnin Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya, jami'ar da ta fara horar da likitocin dabbobi tun shekarun 1960.

Hanya ta farko: ƙwayar magani

Hanyoyi huɗu ne aka sani na tunkarar cutar, kamar yadda ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka ta zayyana a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2016. Biyu na danne cutar, biyu kuma na iya kawar da ita.

Hanyar da aka fi bi a duniya ita ce ba da maganin methimazole, ko ɗan uwansa carbimazole, wanda jiki ke juyawa ya koma methimazole. Maganin kan hana tayirod sarrafa aidin, kuma cikin mako biyu zuwa uku yawan T4 kan sauko a jikin galibin kyanwoyi.

Likitoci kan fara ne da ɗan kaɗan, wato miligiram 1.25 zuwa 2.5 na methimazole sau biyu a rana, sannan su ƙara ko su rage bayan sun sake auna jini. A wasu ƙasashe akwai na ruwa, akwai kuma na shafawa a cikin kunne domin kyanwar da ba ta yarda da ƙwaya.

Sai dai maganin ba ya kashe ƙarin. Za a ci gaba da ba da shi ne har iyakar rayuwar kyanwar, kuma da zarar an tsaya cutar kan dawo cikin 'yan kwanaki. Ƙarin ma kan ci gaba da girma, ta yadda bayan shekaru akan buƙaci ƙara yawan maganin.

Ƙasa da ɗaya cikin kowace kyanwa biyar kan samu matsala da maganin, galibi a watanni uku na farko. Mafi yawa amai ne da rashin son abinci, wanda kan wuce. Amma idan ta fara susar fuska har da rauni, ko idanunta suka yi rawaya, ko jini ya riƙa fita, to a tsayar da maganin a koma wurin likita.

Shi dai carbimazole magani ne da ake bai wa mutane ma a asibitocin Najeriya. Don haka likitoci ke gargaɗin kada wanda aka rubuta wa shi ya ɗiba ya bai wa kyanwarsa, domin awon mutum daban, na kyanwa daban. Maganin da ya yi yawa kan durƙusar da tayirod, ya kuma ƙara wa ƙoda rauni.

Ana kuma shawartar mata masu juna biyu da su guji taɓa maganin da hannu ko kwashe kashin kyanwar da ke shan sa, saboda yana iya yi wa ɗan tayi illa. Kowa ma ya wanke hannu bayan ya ba ta.

Hanya ta biyu: tiyata

Likita na iya yanke ɓarin da ya kumbura, ko kuma duka biyun. Idan aikin ya yi kyau, kyanwar ta rabu da cutar ke nan, ko da yake idan ɓari ɗaya aka cire, ɗayan na iya tasowa daga baya.

Kafin a yi aikin akan ba da ƙwayar magani na wasu makonni, domin zuciya ta natsu ta iya jure maganin sa barci.

Babban haɗarin tiyatar shi ne a jikin tayirod akwai wasu 'yan mitsi-mitsin nama da ke kula da sinadarin kalsiyam a jini. Idan aka ji musu rauni, kyanwar kan iya kamuwa da karkarwa da sanƙarewa a kwanakin farko bayan aikin. Shi ya sa ake son gwanin likita, da kuma wurin da za a iya sa mata ido.

Hanya ta uku: aidin na nukiliya

Wannan ita ce hanyar da masana suka fi yabawa. Akan yi wa kyanwar allura guda ta wani nau'in aidin mai fitar da tururin nukiliya, wanda ake kira I-131. Da yake ƙarin na da kwaɗayin aidin, sai ya zuƙe shi, shi kuma ya ƙone ƙarin daga ciki ba tare da ya taɓa sauran jiki ba.

A wani rahoto da Dokta Peterson ya fitar a 1995 kan kyanwoyi 524, kimanin kashi 94 cikin 100 sun samu lafiya. Wani binciken na 2006 a Amurka kuma ya nuna cewa rabin waɗanda aka yi wa wannan allura sun kai shekara huɗu a raye, yayin da rabin waɗanda aka bai wa ƙwaya kaɗai suka kai shekara biyu.

Amma hanyar na da tsada, tana buƙatar lasisi na musamman, kuma sai an killace kyanwar na kwanaki ko makonni har tururin ya ragu. A Najeriya ko mutane ma a 'yan asibitoci ƙalilan suke samun irin wannan magani, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

Hanya ta huɗu: abinci mai ƙarancin aidin

A shekarar 2011 kamfanin Hill's na Amurka ya fito da wani abincin kyanwa mai suna y/d, wanda aka rage wa aidin matuƙa. Hikimar ita ce idan aka hana ƙarin makamashi, ba zai iya samar da sinadarin da yawa ba.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa a jikin mafi yawan kyanwoyin da ke cin abincin, T4 kan sauko daidai cikin mako huɗu zuwa 12.

To amma akwai sharaɗi mai tsauri: kada kyanwar ta ɗanɗana komai ban da shi, har abada. Lomar kifi ɗaya ko lasar madara a kai a kai sun isa su rushe aikin. Kamar ƙwayar magani, abincin ma ba ya hana ƙarin girma, kuma wasu kyanwoyin kan gaji da shi su ƙi ci.

A nan ne wannan hanya ke cin karo da yadda ake riƙon kyanwa a ƙasar Hausa. Kyanwar gidan manomi a Rogo ba a kulle take ba. Tana kama ɓera da ƙadangare, tana tsallaka katanga zuwa maƙwabta, tana kuma lasar kwanon tuwo da miyar da aka sa wa gishiri da magi, waɗanda duka ke ɗauke da aidin.

Kifi ma haka. Daskararren kifin teku da kifin gwangwani sun fi yawan aidin, amma ko na ruwan daɗi, irin wanda ake kamawa a madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye, ba a yarda da shi ba a wannan tsari. Ƙwai da nono ma suna da nasu kason.

Haɗa irin wannan abinci a gida kuwa abu ne mai wuya, tunda ba a iya auna aidin da ido, kuma ana iya tauye wa kyanwar wasu sinadaran da take buƙata. Saboda haka hanyar ta fi dacewa da kyanwar da ke zaune a cikin gida ita kaɗai. Ga wadda ke yawo tana farauta, ƙwayar magani ko tiyata ne abin dogaro.

Me kyanwar da ke shan magani za ta ci?

Wadda ke shan ƙwaya, ko wadda aka yi wa tiyata, ba ta buƙatar a hana ta aidin. Abin da take buƙata shi ne ta mayar da naman jikinta da cutar ta cinye.

Kyanwa dabba ce da aka halitta a kan cin nama. Tuwo da shinkafa da koko na iya cika mata ciki, amma ba su da wani sinadari mai suna taurin, wanda zuciyarta da idanunta ke buƙata, kuma a nama ake samunsa.

Don haka likitoci ke ba da shawarar:

- A ba ta dafaffen nama ko kaza ba gishiri ba yaji, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana
- Kada kifi ko hanta su zama abincinta na kullum
- A guji ba ta abin da ke da albasa ko tafarnuwa, domin suna lalata mata ƙwayoyin jini
- A ajiye mata ruwa mai tsabta a inuwa a kowane lokaci, musamman a watannin bazara
- A riƙa auna nauyinta duk wata: mutum ya hau sikeli da ita, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire bambancin

Idan kuma awo ya nuna ƙodarta ta taɓu, likita zai sauya tsarin abincin, domin a lokacin sai an yi hattara da yawan nama.

Wani gargaɗin da likitocin dabbobi ke yawan nanatawa shi ne kada a taɓa bai wa kyanwa farasitamol don an ga ba ta da lafiya. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Bayan fara magani

Akan sake auna jini bayan mako biyu zuwa uku da fara magani, har sai an dace da awon da ya yi daidai. Daga nan kuma sai a riƙa komawa duk bayan wata uku zuwa shida.

Alamun samun sauƙi a bayyane suke. Haɗamar abinci kan ragu, kukan dare ya lafa, gashi ya kwanta, nauyi kuma ya fara dawowa cikin 'yan watanni.

Kyanwa dai na da matsayi a gidajen Musulmi tun zamanin Sahabbai, kamar yadda laƙabin Abu Huraira ke nunawa, kuma malamai sun daɗe suna jan hankali kan haƙƙin dabbar da mutum ya ajiye a gidansa.

Likitocin dabbobi na cewa duk kyanwar da ta haura shekara takwas, aka ga tana ci tana ramewa, kuma maganin tsutsa bai yi mata aiki ba, to a kai ta a duba wuyanta a auna jininta. Wadda aka gano cutarta da wuri, kafin ta taɓa zuciya ko idanu, kan ƙara shekaru tana gadin rumbu.